Tashoshi 42 da suka kuɓuce: lamarin wani kamfanin talabijin a Amurka

Wannan nazari ya bi sawun wani kamfani mai tashoshin talabijin na gari-gari a Amurka, wanda hedikwatarsa ke wajen birnin Baltimore a jihar Maryland. “Kamfanin” kawai za a riƙa ce masa. Matsalar da ya yi fama da ita ita ce, a sana'ar tasa mai yawan tashoshi ne ke cin riba, doka kuma ta gindaya iyakar abin da mutum ɗaya zai mallaka.

Yadda kasuwar take

Ta fuskar kallon talabijin an kasa Amurka gida 210, kowane birni da kewayensa kasuwa guda. Manyan gidajen da kowa ya sani, ABC da CBS da NBC da Fox, ba su ne masu yawancin tashoshin da ke haska shirye-shiryensu ba. Tashar gari ce ke ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikinsu, ta ɗauko wasanni da labaran ƙasa, sauran sa'o'in kuma ta cike da labaran gari, hasashen yanayi da talla. Wanda ya saba ganin tashar NTA ta jiharsa ta haɗe da Abuja da ƙarfe tara na dare zai gane tsarin, sai dai waɗannan na 'yan kasuwa ne.

Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ita ke ba da lasisi, kuma dokokinta biyu ne suka shafi wannan lamari. Ta farko ta taƙaita tashoshin da mutum zai mallaka a gari ɗaya: kafin 1999 ɗaya ce tal, daga baya aka yarda da biyu, muddin ba duka biyun ke cikin manyan huɗu na garin ba. Ta biyu ta ƙasa baki ɗaya ce: tun 2004 majalisar dokoki ta ce kada tashoshin kamfani ɗaya su kai ga fiye da kashi 39 cikin 100 na gidajen Amurka.

1971 zuwa 2001: a sayar a takarda

A watan Afrilun 1971 wani injiniya ya buɗe tasha ɗaya a Baltimore, a kan lamba 45. Ya ƙara wata a Pittsburgh a 1978, da wata a Columbus a 1984. 'Ya'yansa maza huɗu ne suka karɓi ragama a tsakiyar shekarun 1980, kuma har yau iyalin ke juya kamfanin, duk da an sa hannun jarinsa a kasuwa tun 1995.

A 1991 aka fara gwada dabarar da za ta bi kamfanin har ƙarshen labarin nan. Ya sayi tashar da ta fi tasa ƙarfi a Pittsburgh, doka kuwa ta hana riƙe biyu. Sai ya sayar da tsohuwar ga manajanta, ba a jima ba ya ƙulla yarjejeniya da shi: lasisi na manaja, amma kamfanin ne zai tsara shirye-shirye, ya sayar da talla. Kamar dai mutum ya sayar da saniya, igiya na hannunsa, shi ke tatsar nono. Daga nan aka kafa wani ƙaramin kamfani na gefe mai suna Glencairn, wanda mahaifiyar 'yan'uwan ta zuba mafi yawan jarinsa, ya riƙa sayen tashoshi a garuruwan da kamfanin ya riga ya cike gurbinsa.

A 2001 FCC ta yanke cewa kamfanin ne ke juya Glencairn ba bisa ƙa'ida ba, ta ci shi tarar dala 40,000. Kamfanin da ya sayi rukunin River City a kan dala biliyan 1.2 shekara biyar kafin nan, wannan tara ba ta isa ta hana shi barci ba. Aka sauya wa Glencairn suna zuwa Cunningham, aka ci gaba da harka.

2007 zuwa 2016: inda kuɗin ya koma

Da can talla ce kaɗai abincin tashar gari. Wata doka ta 1992 ta ba tashoshi damar neman kuɗi daga kamfanonin kebul da na tauraron ɗan'adam kafin su haska su, amma an daɗe ba a karɓar tsabar kuɗin kirki. Kamfanin na cikin waɗanda suka fara cewa ko a biya ko a rasa. A watan Janairun 2007 ya janye tashoshinsa daga kebul ɗin Mediacom. Kusan gidaje 700,000 suka wayi gari ba tashar garinsu. An sasanta ranar 2 ga Fabrairu, saura kwana biyu a buga Super Bowl, wasan da ya fi kowanne jan masu kallo a ƙasar. Babu mai kebul da zai so ya shiga wannan rana abokan cinikinsa na kallon baƙin allo.

Tun daga nan lissafin ya sauya. Ana biyan tasha wani abu a kan kowane gida a kowane wata. Mai tasha ɗaya ba shi da bakin ciniki da katafaren kamfanin kebul. Mai ɗari kuwa, in ya janye, rabin ƙasa za ta ji. Su ma manyan gidajen huɗu, da suka ga kuɗi na shigowa, suka ce a ba su kasonsu, don haka nan ma sai mai yawa ke iya taya farashi. Ga kuma kuɗin tallan siyasa, wanda ya ƙaru ƙwarai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya sakar wa ƙungiyoyi mara wajen kashe kuɗin kamfe.

A tsakiyar 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, kamfanin ya sanar da masu hannun jari cewa bashi na iya durƙusar da shi. Ya sha da ƙyar, sannan ya shiga saye ba ƙaƙƙautawa: tashoshin Four Points a kan dala miliyan 200 da na Freedom a kan miliyan 385 a 2011, na Barrington da na Fisher a 2013 kowanne a kan kimanin miliyan 370, sai na Allbritton a kan miliyan 985, wanda ya ba shi tashar ABC ta birnin Washington. A farkon 2017 yana da tashoshi 173, nasa da waɗanda yake gudanarwa da sunan wasu, kuma ya kusa taɓo rufin kashi 39.

Afrilu da Mayun 2017: ƙofa ta buɗe

Tun 1985 akwai wata rangwame a lissafin FCC. Tashar da ke kan zangon UHF ana ƙirga rabin gidajen da take kaiwa ne kawai, saboda a zamanin eriya hotonta bai kai na VHF ƙarfi ba. Da aka koma dijital a 2009 dalilin ya kau, domin UHF ce ma ta fi kyau. Hukumar ta soke rangwamen a 2016. A watan Afrilun 2017, sabon shugabanta Ajit Pai, wanda Shugaba Donald Trump ya ɗora, ya dawo da ita.

Ranar 8 ga Mayu kamfanin ya sanar da cewa zai sayi Tribune Media a kan dala biliyan 3.9, ya kuma ɗauki bashinta na kimanin biliyan 2.7. Tribune na da tashoshi 42, cikinsu har da WPIX ta New York, KTLA ta Los Angeles da WGN ta Chicago, manyan biranen nan uku da kamfanin bai taɓa samun shiga ba. In aka haɗa, tashoshin za su kai ga kashi 72 cikin 100 na gidajen Amurka. Ko da rangwamen, lissafi na tsayawa wajen kashi 45. Ke nan dole a sayar da wasu. A ƙarshen shekarar FCC ta ƙara sassauta dokar mallaka a gari ɗaya, ta kuma soke sharaɗin cewa kowace tasha ta riƙe ɗakin shirye-shirye a garin da take. Kusan kowa a harkar ya ɗauka ciniki ya faɗa.

Yunin 2017 zuwa Yunin 2018: jan ƙafa

Hukumomi biyu ne za su sa hannu. Ma'aikatar Shari'a na duba ko haɗewar za ta ba kamfanin damar tsawwala farashin talla a garuruwan da shi da Tribune duk ke da tasha. FCC na duba iyakar mallaka da cancantar riƙe lasisi. A cewar Tribune daga baya, yarjejeniyarsu ta ambaci garuruwa goma da za a sayar da tasha idan hukuma ta nema, hukuma ta nema, kamfanin kuma ya tsaya jayayya wata da watanni.

Ana cikin haka wani abu ya ɓullo ta gefe. Kamfanin ya daɗe yana aika wa tashoshinsa sharhohi daga hedikwata da sharaɗin dole a haska, yawancinsu masu karkata ga ra'ayin 'yan mazan jiya. A ƙarshen Maris na 2018 shafin Deadspin ya harhaɗa wani bidiyo: fuskar mai karanta labarai ɗaya, sai allo ya rabu biyu, ya rabu huɗu, har ya cika da gomman fuskoki daga garuruwa daban-daban, kowa da tambarin tasharsa, duk suna karanta rubutu guda a kan haɗarin labaran ƙarya, kalma da kalma, muryoyin suka haɗe. Mutanen da suka ɗauka mai karanta musu labarai ɗan garinsu ne mai faɗin nasa, ranar suka san akwai mai rubuto masa. Bidiyon bai karya wata doka ba, amma ya mai da cinikin abin magana a majalisa da jaridu.

Sau da yawa kamfanin na sauya jerin tashoshin da zai sayar. Wasu cinikin ba su da ƙura: tashoshi bakwai ga Fox a kan dala miliyan 910, tara ga Standard Media a kan kimanin miliyan 442. Uku ne suka tsaya wa hukuma a wuya.

WGN ta Chicago, birni na uku a girman kasuwa, za a sayar da ita a kan dala miliyan 60 ga wani dillalin motoci na Maryland wanda bai taɓa gudanar da tasha ba, kuma abokin kasuwancin shugaban kamfanin ne. Kamfanin zai ci gaba da sayar da talla da samar da shirye-shirye, yana kuma da damar sake saye daga baya. A wannan gari dai Fox ta taɓa biyan dala miliyan 425 a 2002 a kan wata tashar da ba ta kai WGN suna ba. Sauran biyun, ta Dallas da ta Houston, za a ba Cunningham ne a kan miliyan 60 duka biyun. Cunningham ɗin nan da aka ci tara a kansa a 2001, wanda mafi yawan jarinsa ke cikin dukiyar amana ta 'ya'yan iyalin.

Yuli da Agustan 2018: ta leƙo ta koma

Ranar Litinin 16 ga Yuli, Ajit Pai, mutumin da ake zargi da share wa kamfanin hanya har sufeton hukumar na bincikensa a kan haka, ya fitar da sanarwa cewa yana da babbar damuwa: hujjojin da ke gabansa na nuna kamfanin zai ci gaba da juya wasu tashoshin a aikace ko da suna ya sauya. Hannun jarin kamfanonin biyu ya faɗi a ranar.

Bayan kwana biyu kamfanin ya janye cinikin Dallas da Houston, ya ce WGN kuma zai riƙe ta da sunansa. An makara. Kwamishinonin hukumar huɗu, 'yan jam'iyyun biyu, suka amince baki ɗaya a miƙa batun ga alƙalin hukuma, ya binciki ko kamfanin ya ɓoye gaskiya a takardunsa. A al'adar FCC, cinikin da aka tura wa wannan alƙali ba ya tashi, domin sauraron kan ci lokacin da babu mai saye ko mai sayarwa da zai iya jira. Shugaba Trump ya fito ya ce ba a yi adalci ba. Hukumar ba ta sauya ba. Sufeton ya kammala bincikensa a watan Agusta, bai sami Pai da laifin son kai ba.

Wa'adin yarjejeniya ya cika ranar 8 ga Agusta. Washegari Tribune ta fasa, ta shigar da ƙara a jihar Delaware tana neman diyyar dala biliyan 1.

Disamban 2018 zuwa Mayun 2020: wanda ya samu

Ba a yi wata huɗu ba Nexstar, abokin hamayyar kamfanin daga jihar Texas, ya taya Tribune a kan dala biliyan 4.1. Dokokin ba su sauya ba, shugaban hukuma shi ne dai. Nexstar ya fitar da tashoshi 21 tun da wuri, ya sayar ga masu saye da ba su da alaƙa da shi: 11 ga Tegna a kan dala miliyan 740, 8 ga Scripps a kan miliyan 580, biyu na Indianapolis ga wani ɗan kasuwa mai zaman kansa. WPIX ta New York ma ya sake ta. An kammala ranar 19 ga Satumban 2019, Nexstar ya zama mafi girma a ƙasar da tashoshi 197. (Kada a ɗauka shi waliyyi ne: yana da nasa kamfanin gefe mai suna Mission, wanda ya sayi WPIX ɗin a 2020, har FCC ta nemi cin Nexstar tara a kai a 2024. Amma a lokacin da ake kallonsa, ga kamfanoni masu zaman kansu ya sayar.)

Ƙarar Tribune ta koma hannun Nexstar, aka sasanta a Janairun 2020: kamfanin ya biya dala miliyan 60, ya miƙa tasharsa ta Lexington. A watan Mayu ya amince ya biya FCC dala miliyan 48 don rufe wannan bincike da wasu biyu, tarar da babu wani gidan watsa labarai da ya taɓa biyan irinta. Lasisinsa dai sun tsira.

2019 zuwa 2023: hanya ta biyu

Tun kafin a rufe wancan shafi kamfanin ya nemi girma ta inda dokar kashi 39 ba ta kai ba. Disney ta sayi yawancin kadarorin Fox, Ma'aikatar Shari'a ta tilasta mata sayar da tashoshin wasanni na yankuna. Ranar 3 ga Mayun 2019 kamfanin ya amince ya sayi 21 daga cikinsu a kan dala biliyan 9.6. Tashoshin kebul ne, ba sa buƙatar irin wancan lasisi, kuma suna da haƙƙin haska wasannin ƙungiyoyi 42 na ƙwallon kwando, bezbol da hoki.

An kafa reshe na musamman mai suna Diamond Sports, shi ya ciwo bashin fiye da dala biliyan 8 da sunansa. Uwar kamfanin ta zuba kimanin biliyan 1.4 daga aljihunta.

Irin wannan tasha na biyan ƙungiyoyi kuɗi tsayayye na shekaru masu yawa, ita kuma tana karɓa daga kowane gida mai kebul, ko yana kallon wasa ko ba ya yi. Gidajen da ke biyan kuɗin kebul ko tauraron ɗan'adam sun kai kusan miliyan 100 a farkon shekarun 2010, daga nan suka riƙa raguwa, mutane na komawa kallo ta intanet. Abin da ake biya bai ragu ba, abin da ke shigowa na zubewa.

Kamfanin tauraron ɗan'adam na Dish ya ajiye tashoshin a Yulin 2019, wata guda kafin a kammala cinikin, bai kuma dawo da su ba. A Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da wasanni. A watan Oktoba YouTube TV da Hulu, masu haska tashoshi ta intanet, suka bi sawun Dish. A Nuwamba kamfanin ya rage darajar tashoshin a littafinsa da dala biliyan 4.2. An sayar da sunan tashoshin ga kamfanin caca na Bally's. An buɗe manhajar kallo kai tsaye a 2022 a kan kusan dala 20 a wata, amma ba ta da haƙƙin haska yawancin ƙungiyoyin bezbol, masu biya kuma ba su kai su cike giɓin ba. A Fabrairun 2023 Diamond ya kasa biyan kuɗin ruwa na dala miliyan 140. Ranar 14 ga Maris ya nemi kariyar kotun masu karayar arziki a Houston.

2023 zuwa 2025: yadda aka fita

Masu bin bashi ba su da hurumin taɓa tashoshin gari, domin Diamond kaɗai ya sa hannu a takardun rance. Duk da haka reshen ya juyo ya kai uwarsa ƙara a Yulin 2023, yana zargin ta kwashe masa kimanin dala biliyan 1.5 ta hanyar kuɗin gudanarwa da wasu biye-biye. An sasanta a Janairun 2024 a kan dala miliyan 495. A farkon Janairun 2025 Diamond ya fito daga kotu da sabon suna, Main Street Sports, a hannun masu bin bashinsa, an zaftare bashin zuwa kimanin miliyan 200. Kamfanin ba shi da ko sisi a ciki.

Tsohuwar sana'ar ce ta riƙe gidan. Kuɗin da kebul da tauraron ɗan'adam ke biya ya kai kusan rabin abin da kamfanin ke samu. Ko da gidaje na raguwa, an riƙa ƙara farashin kowane gida a duk sabuwar yarjejeniya. Shekarar zaɓe kuma kaka ce, domin yana da tashoshi a Pennsylvania, Wisconsin, Nevada da Ohio, inda 'yan takara ke zazzage aljihu; a 2024 tallan siyasa ya kawo masa kimanin dala miliyan 400. An kuma tsuke bakin aljihu: a 2023 an rufe ɗakunan labarai a wasu ƙananan garuruwa irin su Toledo da Omaha, aka maye gurbinsu da shirin da ake haɗawa daga cibiya ɗaya. A lokacin yawan tashoshin ya tsaya wajen 185.

Hukunci

A ganina ba siyasa ce ta kashe cinikin Tribune ba, duk da hayaniyar bidiyon nan. Hukumar da ta fi kowace sassauci a shekaru masu yawa ce ta tsayar da shi, kuma ita ce ta sa wa Nexstar hannu bayan wata goma sha huɗu. Bambancin yana cikin takardun sayarwa. Shekara 27 kamfanin na sayar da tasha yana riƙe da ita, tarar da aka ci shi a kan Glencairn ba ta wuce dala 40,000 ba, sai ya ɗauka Chicago ma haka za ta kasance. Da ya saki WGN da Dallas da Houston da gaske tun a 2017, alamu sun nuna da ya tafi da mafi yawan sauran.

Cinikin wasanni ya fi wancan muni, kuma ina ganin zafin rashin Tribune na cikin abin da ya sa aka yi shi cikin wata tara. Raguwar masu kebul ba sirri ba ce a 2019; korona ta gaggauta abin da ya riga ya kama hanya ne. Abin da aka yi daidai a ciki shi ne keɓe bashin a wuyan Diamond, wanda ya sa asarar kamfanin ta tsaya a 'yan biliyoyi kaɗan, masu ba da rance suka kwashi sauran.

Abin da ya cece shi kuwa yana da tasa matsalar. Kuɗin da ake karɓa a kan kowane gida ya dogara ne ga kebul ɗin nan da ya kayar da Diamond, kuma abin da ke sa mai kebul ya ci gaba da biya shi ne wasannin manyan gidaje da labaran gari. Na farkon ba na kamfanin ba ne, na biyun kuma shi ya fara ragewa a Toledo da Omaha.